Tsaron iyaka daga ƙofar aji yake farawa

Ƴan'uwa malamai da iyaye, maganar iyaka nake so mu yi yau, amma daga inda nake tsaye kullum zan ɗauko ta, wato gaban allo.

Wata shekara, da muka dawo hutun ƙarshen Disamba, na kira suna a ajina na CE2, yara uku ba su amsa ba, mata biyu da namiji ɗaya. Na ɗauka zazzaɓi ne ko biki. Da mako ya zagayo ban gan su ba, sai na tambayi ƴan ajin. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, sun tafi Aljeriya." Ta faɗa kamar mai cewa sun tafi rijiya. Da marece na je gidan ɗaya daga cikinsu, na tarar da kakarta a ƙofar ɗaki. Bayan mun gaisa ta ce da ni, "Malam, hatsin bana ko wata uku ba zai kai mu ba. Wata ƴar'uwarmu ce ta tafi da ita, za ta riƙa aiko mana da abin da Allah ya hore." Ban sami abin faɗi ba, don na ga rumbun da idona. Na yi sallama na koma, washegari na ja layi a kan suna uku.

Tun daga ranar, duk lokacin da na ji ana maganar bakin haure da tsaron ƙasa a rediyo, waɗannan kujeru uku nake tunawa. Yaran nan sun ratsa Tanut, sun ratsa Agadas, sun wuce Arlit, sun ƙetare iyakar ƙasa, alhali ba su da takarda ko ɗaya, kuma matar da ke riƙe da hannunsu ba ita ta haife su ba. Shinge nawa ne tsakanin Damagaram da iyakar Aljeriya? A wanne aka tsaya aka tambayi yarinya ƴar shekara tara, "Ina babarki?"

Ba yau abin ya fara ba. A ƙarshen watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a cikin hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu biyu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Daga ciki 52 yara ne, 33 mata, 7 maza, kuma galibinsu daga yankin Kance suka fito. Gwamnati ta ayyana zaman makoki na kwana uku. Yara 52 aji guda ne cur, irin wanda da yawanmu muke shiga kowace safiya. Da ƴan bindiga ne suka faɗa wata makaranta suka kashe aji guda, ba wanda zai yi gardamar cewa tsaron ƙasa ya taɓu. To don me da ƙishirwa ta kashe su sai muka ce ƙaddara ce da talauci, muka yi shiru?

Bayan wannan ne, a watan Mayu na 2015, aka kafa doka mai lamba 2015-36 wadda ta haramta safarar bakin haure. Ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10, da tara, da ƙwace mota. Kowa ya san wa ya fi matsa lamba a kanta. Tarayyar Turai ce, don ita damuwarta masu bi ta Libiya su hau teku. Daga 2016 aka fara aiki da dokar gadan-gadan, aka kama direbobi, aka tara motoci. Agadas, garin da ya daɗe yana cin abinci da matafiya, ya ji a jikinsa. Tafiya kuwa ba ta tsaya ba, hanya kawai ta sake. Direbobi suka bar babbar hanya da rijiyoyin da aka sani don gudun jami'an tsaro, suka shiga inda in mota ta mutu ba mai wucewa. A 2017 mutum 44, galibi ƴan Gana da Najeriya, suka mutu da ƙishirwa a hanyar Dirku. A watan Nuwamba na 2023 Janar Abdourahamane Tiani ya soke dokar, aka kuma shafe hukuncin waɗanda aka ɗaure da ita.

Ban yi kukan soke ta ba. Doka ce da aka ɗinka da awon wani, kuma ta mai da mutumin da ke da haƙƙin yawo a yankinmu abin zargi tun yana tashar mota. Amma akwai abin da nake jin mutane suna faɗi wanda yake tayar mini da hankali, wai yanzu hanya ta buɗe, kowa ya kwashi wanda ya ga dama. Ba haka ba ne. Akwai wata doka dabam, ta watan Disamba na 2010, wadda ta haramta fataucin mutane, kuma sa wani bara don a ci moriyarsa yana cikin abin da ta hana. Babba mai hankalinsa da ya ɗauki jakarsa ya tafi neman aikin gini a Tamanrasat, wannan ra'ayinsa ne. Yaron da aka karɓa a hannun iyayensa don a zaunar da shi bakin titi da kwano, wannan ba matafiyi ba ne, jari ne a hannun wani.

Na san abin da za a ce da ni, don an sha faɗa mini. Cin rani gadonmu ne. Kakanninmu sun je Kano, sun je Kumasi, sun dawo da tufafi da kuɗin haraji. Iyakar ma wa ya shata ta? Mutumin Matamai yana da ɗan'uwa a Daura, na Ɗan Isa yana cin kasuwar Jibiya, na Ƙonni in ya yi tuntuɓe a Illela zai faɗi. Duk gaskiya ne. Mun kuma ɗanɗana rufe iyaka har sau biyu, daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 da Najeriya ta rufe tata, da kuma lokacin takunkumin CEDEAO bayan Yuli 2023. Me muka gani? Kaya sun yi tsada, ƴan kabu-kabu masu bin daji sun yi kuɗi, talaka mai buhu ɗaya ya sha wuya. Don haka ni ba mai kiran a garƙame ƙofa ba ne. Sai dai a cin ranin kakanninmu, majiya ƙarfi ne suke tafiya bayan girbi, su dawo kafin shuka. Ban taɓa jin an ce sun tafi da ƴan shekara bakwai don su yi musu bara ba.

Ga inda maganar ta haɗu da tsaro. Hanyar da ake bi da yara a ɓoye, ita ce ake bi da makamai da ƙwaya. Hamada ba ta da hanya ta musamman don masu laifi. Direban da ya gane cewa zai iya wuce shinge da mota cike da yaran da ba su da takarda, in dai ya miƙa ƴan jikkuna, ya riga ya san farashin wannan shingen. Gobe in aka ba shi wani kaya mai nauyi a ƙarƙashin buhuna, ya san nawa zai ƙara. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: yaron motar da ke kallo shi ma ya koya. Jami'in da ya saba kau da kai ga ƙaramin abu, ba ranar babban abu zai fara buɗe ido ba.

Mutanen Maraɗi sun fi ni sanin ɗaya gefen. Tun 2019 dubban mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka gudo zuwa yankunan Gidan Rumji da Madarunfa, ƙauyukanmu suka karɓe su, aka raba gero da su. Waɗannan ba su ne abin tsoro ba, ko da ba su zo da takarda ba. Abin tsoro su ne waɗanda suka koro su, masu shigowa da dare a kan babura su kore shanu su sace mutane. Su kuwa ba sa bin ofishin duwan. Idan muka zuba mai gudun ransa, da mai neman abinci, da yaron da aka ɗauko, da mai bindiga a kwando ɗaya muka kira su bakin haure, za mu ƙare da takura wa marasa ƙarfi, mai bindiga kuma ya wuce ta bayan gari. Tsaron iyaka a ganina shi ne hukuma ta iya bambance su. Ba za ta iya ba sai ta san nata.

Yaya za ta san nata alhali yaro yana kai CM2 ba shi da takardar haihuwa? Kowane darakta ya san wannan ciwon kan. Sai lokacin jarrabawa ya matso a fara gudu tsakanin ma'aikatar magajin gari da gidan alƙali. Yaron da ba a rubuta ba, in ya ɓace ba wanda ya ɓace a idon hukuma. In aka tsare shi a hanya, kowace mace za ta iya cewa nata ne, ba abin da zai ƙaryata ta. Shelar haihuwa kyauta ce in an yi ta cikin wa'adi. Iyaye maza, ragon suna muna nemo shi ko da bashi, amma takardar da ba ta cin ko dala sai mu ce sai an samu lokaci.

Su kuma waɗanda suka tafi, yaya ake dawo da su? Tun ƙarshen 2014 Aljeriya take kwaso ƴan Nijar a manyan motoci tana sauke su a Assamaka. Ƴan wasu ƙasashe kuwa a cikin rairayi ake zubar da su, su taka kusan kilomita 15 kafin su iso garin. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000 da aka koro ta wannan hanya a 2024 kaɗai. A 2022 ma sai da aka tura jiragen sama Dakar da Akara aka kwaso mabaratanmu, yawancinsu mata da yara. Ranar da na ga hotunan a Facebook na ji kunya, amma kunyar ba ta kai tambayar da ta biyo baya nauyi ba: in sun sauka, wane aji za su koma? Yaron da ya shekara biyu yana miƙa hannu, ya saba riƙe kuɗi, ya manta baƙi, zama kan tabarma a gaban mushe zai yi masa wuya. In ya kai shekara goma sha biyar ba karatu ba sana'a, ya san hanyoyin daji, ya san yadda ake sayen shinge, to akwai masu neman irinsa, kuma suna biya.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Duk yaron da za a wuce da shi Tanut ko Agadas zuwa arewa, a nemi takardar haihuwarsa da shaidar cewa wanda ke tare da shi mahaifinsa ne ko mahaifiyarsa. Malami in ya ga kujera ta yi mako babu mai ita, kada ya ja layi kamar yadda na yi. Ya gaya wa darakta, darakta ya gaya wa kwamitin COGES da mai gari tun motar ba ta yi nisa ba. Masu mulki kuma su sani, inda rumbu ya ƙare a watan Janairu, wa'azi ba ya riƙe yaro. Abincin rana a makaranta yana riƙe shi. Na ga makarantar da ake dafa wa yara, na ga wadda ba a dafawa, kuma littafin kiran suna ya nuna mini bambancin. In ana lissafin kuɗin tsaro, a sa buhun gero da wake na makarantun Kance da Magarya a ciki.

Daga cikin yaran nan uku, ɗaya ta dawo bayan shekara biyu, cikin waɗanda aka koro. Na gan ta a kasuwa tana riƙe da tiren goro, ta yi tsawo. Ta durƙusa ta gaishe ni. Na ce ta dawo aji, zan yi magana da darakta. Ta yi murmushi ta ce, "Mushe, ai na girma." Sauran biyun har na bar garin ban ji labarinsu ba.