Digirin injiniya da ɗalibi ke tsara wa kansa: kafin mu ce "to" ko "a'a"

'Yan uwa, duk sanda yaro ya ce zai karanta injiniya, tambayar da muka saba yi masa guda ce: na gini, na lantarki, ko na kanikanci? Da ya amsa sai mu sa albarka, magana ta ƙare. To yanzu akwai amsa ta huɗu da wasu yaranmu, musamman masu neman guraben karatu a waje, suka fara zuwa da ita, kuma tana rikita iyaye. Yaro zai ce ai digirin da yake so shi ne wanda ɗalibi da kansa yake haɗa kwasa-kwasansa, ya ɗauko daga nan ya ɗauko daga can. Wasu iyayen da jin haka sai su ce shiririta ce. Wasu kuma da sun ji an ambaci Amurka sai su amince ba tambaya. Mu a ganinmu duka biyun gaggawa ce.

Bari mu fara da bayyana abin da ake nufi, domin ba tatsuniya ba ce. A MIT, shahararriyar makarantar fasaha da ke kusa da Boston, akwai tsarin da suke kira 2-A. Ɗalibi zai yi ginshiƙan darussan injiniyan kanikanci kamar kowa, sannan ya keɓe wani kaso na karatunsa ga fannin da ya zaɓa, ko mutum-mutumi, ko makamashi, ko na'urorin asibiti, da amincewar malamin da ke kula da shi. A Kwalejin Olin, ƙaramar makarantar injiniya da ta ɗauki ɗalibanta na farko a 2002, ɗalibi na iya rubuta tsarin fannin da zai ƙware a kai ya miƙa a duba. Jami'ar Purdue da ke jihar Indiyana tana da nata, har da masu haɗa injiniya da ilimin sauti ko da aikin dandalin wasan kwaikwayo. A Ingila kuwa, Jami'ar Kembrij ta bi wata hanya: shekara biyun farko kowa darasi ɗaya yake yi, sai a shekara ta uku da ta huɗu mutum ya zaɓi inda zai karkata.

Ku lura da abin da ya haɗa su. Babu inda aka ɗauke wa ɗalibi lissafi ko fiziks. Zaɓin yana zuwa ne a saman tushe. Saboda haka yaron da ke murna cewa ya samu hanyar guje wa lissafi, a gaya masa tun yanzu babu wannan hanyar.

Me ya sa muke ganin abin yana da amfani, har muke ɗaukar lokacinku a kansa? Saboda matsalolin da muke rayuwa a cikinsu ba su san sunan sashe a jami'a ba. Ɗauki tumatir. Ana ɗebo shi daga Kadawa da Kura a jihar Kano, a jera kwanduna a kan juna, mota ta yi tafiyar kusan kilomita 1,000 kafin ta shiga kasuwar Mile 12 a Legas. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen sauke kaya ya san yadda na ƙasa ke isowa. Wanda zai magance wannan asara yana bukatar sanin yadda ake sanyaya ɗaki, wannan kanikanci ne. Yana bukatar sanin faranti mai aiki da hasken rana da batir, wannan lantarki ne. Dole ya san dalilin da ke sa tumatir nuna da ruɓewa, wannan kimiyyar abinci ce. Sannan, kuma nan ne da yawa ke faɗuwa, dole ya san lissafin dillali da direba da mai kaya, domin in kuɗin sanyaya kwando ya fi ribar kwandon, na'urarsa za ta yi tsatsa a bakin kasuwa komai kyanta. Kamfanin ColdHubs da Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa a Owerri ya gina ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a kasuwanni, ana biyan kuɗin ajiya a kan kowane kwando a kullum. Rabin dabarar injiniya ce, rabi kasuwanci. Tun kafin shi, marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ilimin da ya yi aiki da shi ya haɗa sanin yumɓu, da yadda ruwa ke tafiya da zafi idan yana bushewa, da sanin halin mutanen karkara.

Haka batun famfon burtsatse mai aiki da hasken rana, haka injinan asibiti da ke jibge saboda babu mai gyara, haka mayanka da ke zubar da abin da za a iya mai da shi gas na girki. Yaron da ya taso a Agege ko Sabon Ibadan ko kasuwar shanu ta Lokpanta yana ganin waɗannan abubuwa tun yana ƙarami. Wannan gata ne da ɗan Boston ba shi da shi.

Amma fa akwai inda gizo ke saƙa, kuma a nan muke roƙon iyaye su nutsu.

A ƙasar nan takarda tana da suna, kuma sunan ake dubawa. Buɗe tallan ɗaukar aiki na ma'aikatar gwamnati ko kamfanin gine-gine, za ka ga an rubuta ƙarara ana neman mai digirin injiniyan gini ko na lantarki. Ma'aikacin da ke tace takardu ba zai zauna karanta jerin kwasa-kwasan da ɗanka ya haɗa ba. In bai ga sunan da aka ba shi ba, sai ya ajiye gefe. Bayan haka ga hukumar COREN, wadda aka kafa tun 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista, kuma sai da rajistarta mutum ke da hurumin kiran kansa injiniya a hukumance ya sa hannu a kan zane. Tana duba ko digirin da ka yi tantacce ne. Wanda ya yi karatu a waje kuma sai an tantance takardunsa kafin ya tafi hidimar ƙasa.

Misalin Purdue ya isa ya buɗe mana ido. Suna da tsari biyu masu kama da juna a suna. Ɗaya hukumar ABET, mai tantance karatun injiniya a Amurka, ta amince da shi. Ɗayan kuwa ba ta tantance shi ba, domin an yi shi ne ga wanda ke son tushen injiniya amma niyyarsa ya wuce likitanci ko lauya. Jami'a ɗaya, tsangaya ɗaya, takarda biyu masu nauyi daban. Uban da bai san wannan ba zai iya sayar da fili ya biya wa ɗansa na biyun, yana zaton na farko ya saya. Kuma kuɗin ba na wasa ba ne: a MIT kuɗin karatu kawai ya haura dala 60,000 a shekara, duk da cewa makarantar tana tallafa wa wanda ta ɗauka gwargwadon ƙarfin gidansu, har da 'yan ƙasashen waje. Wani abin da zai taimaka shi ne a 2023 an karɓi Najeriya, ta hannun COREN, a matakin wucin gadi cikin Yarjejeniyar Washington, wadda ƙasashe ke amfani da ita wajen amincewa da digirin injiniyan juna. Mataki ne mai kyau, amma ba ya ɗauke wa kowa nauyin bincike.

Masu cewa taura biyu ba ta taunuwa suna da gaskiyarsu. Yaron da bai san abin da yake nema ba, in aka miƙa masa jerin kwasa-kwasai aka ce zaɓi, zai zaɓi masu sauƙi ne da waɗanda abokansa suka shiga. Bayan shekara huɗu ya fito ya ɗanɗana komai bai ƙoshi da komai ba. Irin wannan yaro tsayayyen tsari ya fi masa alheri, a sa shi a layi ɗaya ya bi har ya fita. Wanda tsarin zaɓi ya dace da shi shi ne wanda in ka tambaye shi me yake son gyarawa, zai ba ka amsa da za ka iya taɓawa da hannu: ƙafar roba mai araha, injin busar da albasa, mitar da za ta hana rigimar kuɗin wuta a gidan haya. Shi wannan ya riga ya san dalilin da zai sa ya bar sashensa ya je ya zauna a ajin wasu.

To mafi yawan yaranmu a nan gida za su yi karatu, su fa? Gaskiya ita ce jami'o'inmu ba su ba ɗalibi irin wannan 'yanci ba. Tun daga fom ɗin JAMB ka zaɓi sashenka, kuma shekara biyar a nan za ka yi ta. A ƙarshen 2022 hukumar NUC ta fito da sabuwar manhaja mai suna CCMAS, wadda ta tsara kashi 70 cikin 100 na darussa ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Ƙungiyar ASUU ta soki tsarin, tana cewa an shiga hurumin majalisun jami'o'i. Mu abin da ya dame mu daban ne: kashi 30 ɗin na jami'a ne, ba na ɗalibi ba. Da za a ware ko kaɗan daga ciki a ce ɗalibin lantarki yana iya zuwa tsangayar noma ko ta kasuwanci ya ɗauki kwas a lissafa masa, da an yi babban gyara ba tare da kashe ko kwabo ba. 'Yan uwanmu da ke koyarwa a jami'o'i, wannan magana taku ce.

Kafin nan, akwai ƙofofi da suke buɗe. Akwai fannonin da tun asali haɗaka ne: mekatironiks, wanda ya haɗa kanikanci da lantarki da kwamfuta, ana yin sa a Jami'ar Bayero da FUT Minna, injiniyan na'urorin asibiti a Jami'ar Ilorin da ta Legas, da injiniyan noma a ABU Zariya. Akwai watannin koyon aiki na SIWES, waɗanda yara da yawa ke ɓatarwa a ofishin da ba a ba su komai sai cike littafi. Akwai kuma aikin bincike na shekarar ƙarshe, inda ɗalibi yake da bakin magana a kan abin da zai yi. A nan ne mu 'yan kasuwa da masu motoci da masu mayanka za mu iya shiga. Mai ɗakin ajiya a kasuwa ya karɓi ɗalibi ɗaya na wata shida, ya nuna masa inda kaya ke lalacewa, ya bar shi ya auna zafi, ya ƙirga asara, ya koma makaranta da tambaya ta gaske.

Wanda kuma ɗansa ya zo da takardar wata jami'ar waje mai irin wannan digiri, kafin a biya ko sisi a nemi amsa uku a rubuce: wane suna za a buga a kan satifiket ɗin, wace hukuma ce ta tantance wannan tsarin kansa ba jami'ar gaba ɗaya ba, sannan waɗanne darussa ne dole waɗanda ɗalibi ba zai iya tsallakewa ba. In amsoshin sun zo, a kai wa injiniya mai rajista a cikinmu ya duba, a zauna da yaron a wurin.