Awon Mutum da Mudun Albashi

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, a 'yan shekarun nan babu zancen da ya cika ɗakunan kwananmu da ofisoshinmu kamar na tafiya aiki Birtaniya. Dillalan biza suna ta yi wa jama'a romon baka, wai ka shekara biyar kana aiki, a miƙo maka izinin zama na dindindin, shi ke nan ka huta. Ba haka abin yake ba. Ranar da ma'aikaci ya kai takardunsa Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, abu biyu ne za su yanke masa hukunci, wato nawa ake biyansa, da wane irin aiki aka rubuta yana yi. Duka biyun kuwa suna hannun wanda ya ɗauke shi aiki.

Mu fara da sunan aikin. Gwamnatin ƙasar ta kasa sana'o'i kashi-kashi, ta ba kowace sana'a lamba mai alƙaluma huɗu, ta kuma yanka wa kowace lamba albashin da ta ce shi ne daidai da ita. Kamfani ne yake zaɓar lambar, ya rubuta ta a takardar ɗaukar nauyin ma'aikaci, tare da jerin ayyukan da zai riƙa yi. Daga nan mutum ya shiga mari. In aka mai da shi wani aikin da ke ƙarƙashin wata lamba dabam, ko da ƙarin girma ne, sai ya sake neman biza. In kuma kamfanin ya rubuta shi manaja alhali wanke-wanke yake sa shi, ranar da asiri ya tonu izinin ma'aikacin ne zai salwanta, shi da bai riƙe alƙalamin ba.

Sai albashi. Doka ta ce a dubi ma'auni biyu, na gama-gari da na lambar sana'ar, wanda duk ya fi tsawo shi za a bi. Tsurar albashin da aka yi yarjejeniya a kai ake ƙirgawa. Alawus ba ya ciki, kuɗin aikin bayan lokaci ba ya ciki, abin da mutum ya samo a aiki na biyu ma ba ya ciki, kuma duk awar da ta haura 48 a mako an zubar da ita daga lissafin ma'aunin gama-gari. Ashe ke nan ƙwazon mutum ba zai cece shi ba, ko da zai kwana tsaye.

Shi kansa mudun ba ya zama wuri ɗaya. A Disamba 2020 ma'aunin gama-gari fam 25,600 ne a shekara. A Afrilu 2024 aka cilla shi zuwa 38,700, a Yuli 2025 aka mai da shi 41,700. Gaskiya ne an sassauta wa waɗanda suka riga suka shiga, ma'aikatan lafiya kuma suna da nasu ma'aunin mai sauƙi. Amma adadin da ke aiki ranar neman zama shi ake bi, ba na ranar da aka sauka daga jirgi ba. Wane ma'aikaci ne yake da ikon ɗaga albashinsa don gwamnati ta ɗaga mudunta?

Inda zaluncin ya fi muni shi ne nan. Mai neman zama na dindindin dole ne ya kawo wasiƙa daga kamfaninsa, mai shaida cewa har yanzu ana bukatarsa, kuma za a ci gaba da biyansa adadin da aka ƙayyade. Ku tsaya ku auna wannan. Mutumin da ke rage maka awoyi, mai riƙe maka haƙƙinka, shi ne kuma wanda sa hannunsa zai buɗe maka ƙofa bayan shekara biyar. Ta yaya za ka kai ƙararsa? In ya kore ka, kwana 60 akan ba ka, ko ka sami wani mai ɗaukar nauyi, ko ka tattara komatsanka. Tsakanin Yuli 2022 da Disamba 2024 gwamnati ta soke lasisin kamfanonin kula da tsofaffi da marasa lafiya fiye da 470 saboda karya doka, abin da ya shafi ma'aikata sama da 39,000. Masu laifi sun rasa lasisi, marasa laifi sun rasa aiki. Wannan ba labarin nesa ba ne, domin tun da aka buɗe wannan ƙofa a Fabrairu 2022, 'yan Nijeriya suna cikin waɗanda suka fi yawa a cikinta, tare da 'yan Indiya da Zimbabuwe.

Masu kare tsarin suna cewa an kafa ma'aunin ne don kada a kawo baƙi a karya farashin ƙwadago. To, madalla. Amma in kamfani ya biya ƙasa da ƙima, wa ya kamata a hukunta? Wanda ya ci kuɗin, ko wanda aka ci wa? Ban da haka, kaso mai yawa na kuɗin kula da tsofaffi daga ƙananan hukumomi yake fitowa. Hukuma ce take matse bakin aljihu, ita ce kuma take juyowa ta tuhumi ma'aikaci da ƙarancin samu. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Su da kansu sun san albashi ba ya auna amfanin aiki. Lokacin da Theresa May take ministar cikin gida aka tsara cewa daga Afrilu 2016 sai mai fam 35,000 zai sami zama na dindindin. Da ƙungiyar nas-nas ta yi kururuwa cewa asibitoci za su rasa ma'aikata, sai ga shi a Oktoba 2015 an sa aikin jinya cikin jerin sana'o'in da ake ƙarancinsu, aka tsame su daga ƙa'idar. Da bukata ta matsa, mudu ya karye.

Duk da haka ba a daddara ba. A Maris 2024 aka hana sababbin masu kula da tsofaffi kai iyalansu, a Yuli 2025 aka rufe ɗauko su daga ƙetare. A Nuwamba 2025 ministar cikin gida Shabana Mahmood ta gabatar da shawarar a mai da wa'adin shekara goma maimakon biyar, sa'an nan a rage wa mutum gwargwadon aljihunsa: mai samun sama da fam 50,270 ya jira biyar, mai sama da 125,140 ya jira uku. Masu ayyukan da aka ce ba su kai matakin digiri ba, su kuwa aka ba da shawarar goma sha biyar. Wato ma'aikacin banki ya zama ɗan gida cikin shekara uku, matar da take ɗaga iyayen Turawa daga gado, ta yi musu wanka, ta ba su abinci a baki, ta shekara goma sha biyar tana jiran sa hannun maigidanta.