Tsohon Gida da Haƙƙin Mai Keken Guragu

A birnin Paris na ƙasar Faransa akwai wani tsohon gida da ake kira Hotel Biron, wanda aka gina wajen shekarar 1730. A cikinsa ne shahararren masassaƙin nan Auguste Rodin ya kama haya a 1908. A 1916 ya ba gwamnati kyautar ayyukansa bisa sharaɗin a adana su a gidan. Ya rasu a 1917, aka buɗe wurin ga jama'a a 1919.

Abin lura a nan shi ne, attajirin da aka gina wa gidan bai yi shi domin gurgu ko tsoho mai dogara sanda ba. Saboda haka shekara da shekaru matakala ce ke zaɓen wanda zai ga kayan da ke saman bene. Sai da aka yi gyara na shekara uku, aka sāke buɗewa a 2015, sa'an nan aka sami na'urar hawa bene, aka kuma ƙarfafa daɓen katakon da nauyin marmara da sawun baƙi suka gajiyar.

Akwai masu ganin cewa irin wannan gyara ɓata tarihi ne. Ba za a yi watsi da maganarsu ba, domin bangon da aka fasa ba ya komawa yadda magina na farko suka bar shi. Amma fa Rodin al'umma ya bar wa kayansa, kuma mai keken guragu yana cikin al'umma. Dokar Faransa ta 2005 ma ta wajabta sauƙaƙa wa naƙasassu shiga wuraren jama'a.

Bugu da ƙari, sassaƙa ba kamar zane take ba. Sai an kewaya mutum-mutumi, an dube shi gaba da baya, kafin a fahimci nufin mai shi. Hoto ba ya wadatarwa. Wanda aka tsayar a gindin matakala, an hana shi ilimin ke nan ɗungum.

Ya kamata malamai da ɗalibai su riƙa auna gidajen tarihi da wannan ma'auni, har da irin su Gidan Makama na Kano. Gidan da wasu ba sa iya shiga rumbu ne kawai, komai kyan abin da ke ciki.