Wasiƙa Zuwa Ga Matasa Masu Gina Shafukan Intanet

Ƙannena maza da mata da kuka shigo wannan sana'a.

Tambayar da kuka fi yi mini ita ce wane yaren kwamfuta ya kamata ku koya, wanne ne ke ci a kasuwa yanzu. Amsar gajeriya ce. Ku riƙe HTML da CSS da JavaScript da kyau, ku iya SQL, ku fahimci abin da ke gudana tsakanin burauza da saba daga lokacin da mutum ya danna har shafi ya bayyana. Sauran kayan aiki zuwa suke yi su wuce. An yi zamanin da duk mai son shafi sai ya ce a yi masa da Flash, rubutu na tashi yana juyi. Apple ya ƙi karɓarsa a iPhone, Steve Jobs ya fito a 2010 ya bayyana dalilansa, Adobe kuma ya rufe babinsa a ƙarshen 2020. Waɗanda Flash kaɗai suka iya sai da suka koma 'yan koyo. jQuery ya zo a 2006, React a 2013, wani kuma na tafe. Amma kwafin shafin farko da Tim Berners-Lee ya ɗora a CERN a farkon shekarun 1990 har yau yana buɗuwa a kowace waya. PHP ɗin da wasunku ke rainawa kuwa shi ne tushen WordPress, wanda ke ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Tsawon zamana a sana'ar nan ban ga wanda zaɓen yare ya karya ba, amma na ga hazikai da dama da suka rushe saboda yadda suka riƙi abin da aka damƙa musu. Mai kawo mana aiki bai iya duba abin da muka rubuta ba, bai san inda shafinsa yake kwana ba, duk abin da muka faɗa masa shi zai ɗauka. Sana'ar da mai aiki ba ya iya tantance aikinta, kusan dukkanta amana ce.

Mu fara da adireshin shafi, wato domen. Ɗabi'a ce da ta yaɗu a cikinmu: Alhaji ya ba da kuɗi, yaro ya je ya yi rajistar adireshin da sunansa da imel ɗinsa, wai don sauƙi. Wannan daidai yake da magini ya gina maka gida sannan ya rubuta takardar filin da sunansa. An taɓa kirana wata makarantar kuɗi ana tsakiyar ɗaukar sababbin ɗalibai, shafinsu ya ɓace. Wanda ya gina musu ya bar gari, ya canja lamba, saƙonnin tunin sabunta rajista duk imel ɗinsa suke shiga. Adireshin nan yana jikin allon ƙofar makaranta, yana kan rasit, yana kan motar ɗaukar yara. Kafin a samo yaron wa'adi ya ƙare, wani ya saye adireshin, iyaye na buɗewa suna cin karo da tallan caca. Shi yaron bai yi nufin cuta ba, sakaci ne, amma asarar ba ta ragu ba don haka. Adireshin .com idan ya mutu akwai ɗan lokacin sassauci, sannan kwana 30 na fansa da tsada, daga nan ya koma kasuwa kowa na iya ɗauka. Saboda haka a yi rajista da sunan mai shi, da imel ɗin da yake buɗewa, da lambar wayarsa. Idan babu dalilin .com, ku duba .ng ko .com.ng da ke ƙarƙashin hukumar NiRA, da naira ake biyansu. Ranar miƙa aiki ku ba shi takarda ɗauke da inda aka yi rajista, inda shafin yake zaune, kalmomin sirri, ranar sabuntawa, da inda kod ɗin yake, ta yadda ko ba ku a raye wani zai iya ɗorawa.

Na san uzurin da ake bayarwa: idan na saki makullin ba zai biya ni cikon kuɗina ba. Gaskiya ne ana cinye mana haƙƙi, kuma da ciwo. Amma maganin yana farkon ciniki. Ku karɓi kafin alƙalami mai kauri, ku raba aikin mataki-mataki, kowane mataki da kuɗinsa, kada shafi ya hau sai an cika. Wanda ya yi garkuwa da kalmar sirri ya karɓi cikonsa, sai dai labarinsa zai riga shi shiga kasuwa.

A rubuta komai. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana, amma mu sai mu ji nauyin miƙa wa babba takarda ya sa hannu. Shafi nawa za a yi, gyara sau nawa, wa zai kawo hotuna da rubutu, yaushe za a gama. In ba haka ba, za ku sha jin "ɗan ƙara mini wannan, ai ba wani abu ba ne," har aikin wata ɗaya ya ci shekara a kan kuɗin farko. Wanda ya ce ƙaramin abu ne ba ƙarya yake yi ba, haka yake gani. Aikinku ne ku ce masa, "Ranka ya daɗe, za a iya, ga kuɗinsa, ga kwanakin da zai ƙara."

Sai farashi, inda da yawa suka ƙone. Kuɗin shigarmu naira ne, amma hayar saba da imel da yawancin abin da muke dogaro da shi da dala ake biya. A 2022 bankuna suka takura amfani da katin naira a waje, wasu suka mayar da shi dala 20 a wata, wasu suka rufe gaba ɗaya. A tsakiyar 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ya karɓi kuɗi sau ɗaya ya yi alkawarin riƙe shafi har abada, daga aljihunsa ya riƙa cikawa, ko ya kashe waya ya ɓuya. Ku raba kuɗin gini da kuɗin kulawa na shekara, ku rubuta cewa abin da ake biya da dala zai bi farashin ranar. Kuma in kun karɓi kuɗin kulawar, ku yi kulawar: sabunta manhaja, toshe kafa, duba ko shafi na raye. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan ƙaramin kuɗin da ke shigowa duk shekara shi ke riƙe kamfani a watannin da babu sabon aiki.

Yanzu ku tuna da mutumin da bai zo wurin ciniki ba, wato wanda zai buɗe shafin. Ku kuna kan babbar kwamfuta da intanet mai gudu. Shi yana tsaye a Kantin Kwari ko Dawanau da ƙaramar Itel ko Tecno mai fasasshen gilashi, rana na haske allon, cajinsa ya yi ja, datarsa ta kusa ƙarewa. Hoton megabait 4 da kuka ɗora a fuskar shafi, wanda da an matse shi ba zai wuce kilobait 100 ba, kuɗinsa yake ci. Ku ajiye irin wannan waya a teburinku, kada ku ce aiki ya gamu sai kun gwada a kanta a unguwar da sabis ke wahala. Ku tambayi kanku me zai faru idan netwok ya ɗauke bayan ya danna biya. Zai sake dannawa, tabbas. Za a cire masa sau biyu? Tabbacin biya daga sabar Paystack ko Flutterwave ko bankin zai zo muku kai tsaye, ba daga hoton alat da aka turo ta WhatsApp ba, don na bogi sun yi yawa. Yankewar intanet a wurinmu ba baƙon abu ba ce: a Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara, ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace, Afirka ta Yamma ta shiga wahala. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, da manhajojin bankuna da yawa suka riƙa sarewa, jama'a sun koma OPay da Moniepoint don dalili ɗaya: kuɗi na tafiya.

Akwai abin da ke ƙona mini rai musamman. Mu Hausawa ne, amma mu ke gina fom ɗin da ke ƙin sunayenmu. Mu'azu ko Sa'adatu ko Rabi'u ya rubuta sunansa, shafi ya ce ba daidai ba, ko ya faɗi gaba ɗaya. In ya faɗi, ku sani ba ƙaramar matsala ba ce: alamar da ke tsakiyar sunan ta shiga cikin umarnin SQL ɗinku, kuma ta wannan kafar ɓarawo zai kwashe rumbun bayananku. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, su fito daidai: UTF-8 tun daga rumbu har allo, da zubin haruffan da ke ɗauke da su, ba wanda zai mayar da su akwati-akwati ba. Wurin bincike ya gane cewa mai rubuta "kasa" wataƙila "ƙasa" yake nema, don allon wayarsa ba shi da harafin, ya kuma san cewa abin da Najeriya ke rubutawa da 'y, a Nijar ƴ ne. Kada ku tilasta imel ga wanda lambar waya kaɗai gare shi. Kada ku nemi lambar gida da sunan titi daga wanda adireshinsa shi ne bayan masallacin Juma'a. Kamfanonin waje ba za su lura da waɗannan ba, kuma nan ne kuka fi su.

Kwafin ajiya kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. A ƙarshen Janairun 2017 wani ma'aikacin GitLab ya goge rumbun bayanai bisa kuskure, aka duba hanyoyin ajiyarsu aka tarar ba sa aiki yadda ake zato, bayanan kusan awa shida suka tafi. A Maris 2021 gobara ta cinye wani ginin sabobin OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda kwafinsu ke wuri ɗaya da asalin suka rasa duka biyun. Ku ajiye kwafi a wani wuri daban, kuma lokaci-lokaci ku gwada mayar da shi ku gani da idonku. Bayanan jama'a ma haka: kada ku karɓi NIN ko BVN idan aikin bai buƙata ba, kada ku ajiye kalmar sirri a fili yadda za a iya karanta ta. Tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanai da hukumar da ke sa ido, amma ko babu doka, sakamakon jarrabawar 'yar wani da takardar asibitin matar wani sirrinsu ne.

Ga masu burin kafa kamfani. Tun da Stripe ya sayi Paystack a 2020 kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200, kowane matashi na da manhajar da za ta canja Afirka. Ina son wannan buri. Sai dai Shola Akinlade da Ezra Olubi, waɗanda suka kafa Paystack, matsala ɗaya suka kama wadda ke damun duk mai sayarwa ta intanet a lokacin, wato karɓar kuɗi. Kafin ku rubuta layi ɗaya, ku je ku wuni a shagon wanda kuke son taimaka wa. Ku ga yadda yake rubuta bashi, yadda yaransa ke lissafin kaya, abin da ke ɓata masa rai da yamma. Za ku tarar abokan gogayyarku su ne littafin lissafinsa da WhatsApp, kuma suna yi masa aiki. Idan ya ce abinku ya yi kyau, ku gode. Idan ya ciro kuɗi, to kun samu kasuwa. Gasa da tallafi suna da amfani, amma alƙalan gasa ba su ne za su biya ku wata mai zuwa ba. Ku yi rajista da CAC, ku raba asusun kamfani da aljihunku, kuma kason kowane abokin tarayya a rubuta shi tun ana dariya, tun babu ko sisi.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta kod yanzu, ku yi amfani da su, suna rage wahala sosai. Amma kada ku ɗora abin da ba ku karanta kun fahimta ba, don ranar da shafin asibiti ya tsaya da tsakar dare, wayarku ce za ta yi ƙara.

Idan Allah ya buɗa muku, ku ɗauki na ƙasa da ku, har da 'yan mata, waɗanda da yawansu wannan aiki zai ba su damar samu daga gida. Ku bar su su taɓa aikin gaske, ku zauna ku duba kod ɗinsu layi-layi, ku tafi da su wurin ciniki su ji yadda ake faɗa wa babba farashi cikin ladabi ba tare da an karya shi ba. Ku kuma biya su, ko kaɗan ne, a ranar da kuka yi alkawari.

Allah ya sa albarka a neman kowa.

Wassalam,
Yayanku a sana'a.