Litinin Ma Ta Ubangiji Ce

'Yan'uwa a cikin Almasihu, mazauna Sabon Gari da Fagge, ku ba ni kunnuwanku!

Su wa suka kawo ikilisiya unguwar nan? Ma'aikata ne. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari a 1913, sai ga akawu da makaniki da kafinta da tela suna sauka a tasha daga Legas, wasu har daga Saliyo. A wancan zamanin Turawan mulki ba su bar 'yan mishan su yi wa'azi a cikin birni ba. Ashe Bakano ya fara sanin Kirista ne a tagar tikiti da bakin sikelin gyaɗa. Da asibitin ido na ECWA ya buɗe a 1943, hannun likita da na nas ne suka yi maganar, kuma har yau jama'a na tururuwa can.

To mu fa? Ranar Lahadi majami'a ta cika maƙil, ganga na tashi, baiko na zuba. Gari na wayewa sai a bubbuge gindin mudu a kasuwa, a ƙaƙaba wa mai mota tsohon kaya a ce sabo ne, yaron shago ya shekara bakwai yana bauta ba a sallame shi ba. Haba! Maƙwabcinka Musulmi ba ya jin waƙar da ka yi jiya, awonka yake gani.

Ku tuna, da masu karɓar haraji da sojoji suka je wurin Yohanna Mai Baftisma, bai ce su ajiye aiki ba. Ya hana su karɓar abin da ya wuce ƙa'ida, ya hana su ƙwace. Bulus kansa, da duk wasiƙunsa, ɗinkin tanti ya ci da shi.

Saboda haka mu tashi! Ɗan kasuwa, cika mudunka. Maigida, biya ɗan dako kafin guminsa ya bushe, ka sallami yaronka da jari. Mai Keke Napep, baƙon da ya sauka da dare bai san gari ba, kada ka ninka masa kuɗi. Zumuntar Mata, ku leƙa masu kwana a bakin tasha. Matasa kuwa, kwatocin France Road sun toshe, damina ba ta jiran kowa: ku fito ranar Asabar da shebur da baro, ku ƙwanƙwasa wa maƙwabtanmu na Fagge ƙofa mu yashe tare.