Kuɗin niƙa: ina wutar ke tafiya?

Ƴan kasuwa ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta katse wutar lantarkin da take sayar ma Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. A lokacin, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga can take zuwa. Masu walda da masu sassaƙar ƙarfe sun yini zaune, masu niƙa sun koma ga gazuwal. An maido da wutar a 2024, amma ko mun ɗauki darasi?

Mai ƙosai da mai fura ba su da inji, amma su ke biyan wutar da inji ya sha, don tana cikin kuɗin niƙan kowace tiya. Kuma ba dukan wutar nan ke zama aiki ba. A manyan masana'antu na Jamus da Japan, masana sun gano cewa injin yanka ƙarfe yakan sha wuta mai yawa ko ba ya yanka komi, saboda famfunan mai da na sanyaya shi suna ta juyawa. Shi ya sa sababbin injuna ke kashe kansu in babu aiki.

Ciwon ɗaya ne a kasuwanninmu. Mai niƙa yakan bar inji yana kuka yana jiran kwano na gaba. A ce kilowat 1 yake sha a banza na awa 2 kullum: a wata ya ƙone abin da ƙwai mai wat 10 zai ci cikin awa 6000. Ga bel mai santsi, ga haƙoran niƙa da suka dakushe har sai an maimaita gari sau biyu, ga injin da aka sake ma naɗin waya barkatai yana ta zafi. Zafin nan kuɗi ne ke ƙonewa.

Magani bai fi ƙarfinmu ba. Mai inji ya ɗaure bel, ya wasa haƙora, ya sa mai, ya kashe in babu aiki. Ku kuma iyayenmu mata, ku haɗa kai ku kai niƙa lokaci guda, don a tada inji sau ɗaya. Sannan kuna da bakin cewa a rage muku.

Farashin wuta ba a hannunmu yake ba. Ɓarnarta kuwa a hannunmu take.