Wasiƙa a Buɗe ga Masu Gina Manhajojin Murya da Harshen R

Zuwa ga masu wannan sana'a a Anka, Gummi da Bukkuyum,

Manhajar murya matakai uku take bi: ta saurari magana ta mayar da ita rubutu, ta gano nufin mai magana, sannan ta furta amsa. Harshen R, wanda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙira a Jami'ar Auckland a farkon shekarun 1990, don ƙididdiga aka yi shi, saboda haka gurbinsa yana tsakanin mataki na biyu da na uku, inda ake lissafa amsar. A tsarin Alexa na kamfanin Amazon, tambaya kan iso a saƙon JSON ɗauke da nufin mai tambaya da abubuwan da ya ambata, kamar sunan kasuwa da sunan hatsi. Da ƙunshin plumber ana mayar da aikin R ya zama ƙofar karɓar irin wannan saƙo ta intanet. Alexa ba ta jiran amsa fiye da daƙiƙa 8, don haka lissafi mai nauyi a gama shi tun da wuri, a adana sakamakon.

Sai dai Alexa ba ta jin Hausa, kuma na'urarta ba kayan gidajen yankin nan ba ce. Abin da ke hannun jama'a shi ne ƙaramar waya da saƙon murya na WhatsApp. A ari tsarin tambaya da amsa daga Alexa, a gina shi a kan kiran waya.

Sauraro shi ne babban aiki. Whisper na OpenAI da ya fito a 2022, da MMS na Meta na 2023, duk sun sa Hausa cikin harsunansu, amma karin Zamfara ya sha bamban da daidaitacciyar Hausa. Mutumin Gummi zai ce biyat, ya ce wanga, ya ce mi, kuma na'urar da ta kasa kama biyat ta riga ta ɓata farashi. A nan R yake da amfani ƙwarai. A naɗi muryoyin maza da mata, dattawa da matasa, da yardarsu, a rubuta abin da suka faɗa da hannu, a kwatanta da abin da na'ura ta ji, a fitar da adadin kuskure rukuni-rukuni. Jimilla ɗaya takan ɓoye cewa na'ura tana jin samari, tana kasa jin iyayensu mata.

Mai aiki da R ya saba nuna sakamako da zane da jadawali. Murya ba ta da ko ɗaya, kuma mai sauraro ba zai koma layin baya ya sake dubawa ba. Amsar farashin gero ta ƙunshi kuɗi, da ma'auni, da kasuwa, da rana, a tsaya nan. Ma'aunin ya zama wanda ake ciniki da shi, tiya ko buhu. A ɗauki farashin da ya faɗo a tsakiyar jeri maimakon a tara a raba, domin mai tsawwalawa guda yana iya janye lissafin duka. In daga bakin 'yan kasuwa biyu kawai aka samo farashin, manhaja ta faɗi haka. Hasashen ruwan sama ma haka: garin da ya ga ambaliyar 2024, kamar Gummi, yana buƙatar jin ko hasashen mai ƙarfi ne ko mai rauni, da kuma hukumar da ta fitar da shi.

Batun lafiya ya fi kowane nauyi. A 2010 aka gano gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, yara fiye da 400 suka rasu. Manhaja tana iya tunatar da iyaye kada a daka dutsen ma'adini a cikin gida, ta kuma faɗi inda ake gwajin jini. Amma kada ta karanta sakamakon gwajin yaro, domin waya ɗaya takan zaga hannu da yawa, kuma fassara sakamakon aikin likita ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafi muryoyin da aka naɗa. A yankin da ke fama da matsalar tsaro, ajiye sunan mai kira da ƙauyensa da yawan dabbobinsa wuri guda kasada ce da ran mutum.

A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara na tsawon makonni. Irin wannan yankewa tana tsayar da shigowar bayanai, kuma da sabis ya dawo, manhajar da ba a tsara da kyau ba za ta furta tsohon farashi tamkar na yau. A sa mata iyaka: in bayani ya wuce kwanakin da aka gindaya, ta ce ba ta da sabo. Kafin a saki kowace manhaja, a kai ta kasuwa ranar da take ci, a miƙa wayar ga manoma da mata masu sana'a, a gyara duk inda suka ce a maimaita.